Saura min shekara ɗaya in gama jami'a, ta ina zan fara shirin neman aiki?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne a jami'a ina aji uku, ina karanta ilimin tattalin arziki, saura min shekara ɗaya da ƴan watanni in gama. Sakamakona Alhamdulillah ba laifi, amma wallahi duk lokacin da na tuna rayuwar bayan makaranta sai gabana ya faɗi. Abokaina sun rabu gida biyu, wasu su ce in ba ka da uwa a gindin murhu ko da wane irin sakamako ka fita ba ka samun aiki, wasu kuma su ce digiri ya daina amfani yanzu gara mutum ya je ya koyi kwamfuta kawai. Ni kuma gaskiya ba na son bayan wahalar shekara huɗu in ƙare a ƙaramin aikin da ko wanda bai shiga jami'a ba zai iya yi. Shin in bari sai na gama tukuna in fuskanci neman aiki, ko akwai abin da ya kamata in fara tun yanzu? Na gode.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi sauƙi don haka bari in fara sallamarta: kar ka jira. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shekara ɗayan nan da ta rage maka ta fi duk shekarar da za ta biyo bayan kammalawa daraja, saboda yanzu kana da abin da za ka rasa nan gaba kaɗan, wato sunan ɗalibi. Ɗalibi in ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis ya ce yana son ya koyi yadda ake aiki, mutane suna jin daɗin taimaka masa, amma wannan mutumin dai in ya dawo bayan wata goma sha biyu da takardunsa a hannu to ya zama mai neman aiki, kuma mai neman aiki kowa kaffa-kaffa yake da shi. A Japan tun daga aji uku ɗalibai ke shiga harkar neman aiki gadan-gadan, da yawansu kafin su rubuta jarrabawar ƙarshe sun san kamfanin da za su fara zuwa a watan Afrilu. Ban ce tsarinsu ya fi ba, shi ma yana da tasa wahalar, amma dai ka ga fara shiri a aji uku bai yi wuri ba.

Toh sai maganar abokanka. Duka ɓangarorin biyu kowa ya riƙo wani yanki na gaskiya ya ɗauka ita ce gaba ɗaya.

Masu cewa digiri ya daina amfani ba su fahimci aikin da digirin yake yi ba tun asali. Tunda tattalin arziki kake karantawa wataƙila ka ci karo da Michael Spence, wanda a 1973 ya yi bayanin cewa mai ɗaukar aiki ba ya iya ganin cikinka, bai san ko kai mai ƙwazo ne ko malalaci ba, don haka sai ya nemi alama, kuma takardar makaranta alama ce da ke cewa wannan mutumin ya iya jure abu mai wuya na tsawon shekaru har ya kai ƙarshe. Wannan tunanin na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Matsalar ita ce alama tana rage ƙarfi in kowa yana da ita, idan mutum ɗari biyu suka nemi gurbi ɗaya kuma ɗari da tamanin suna da digiri irin naka, to digirin ya shigar da kai ɗakin amma bai zaɓe ka ba, dole a nemi wani abin da zai bambanta ku. Shi ya sa nake cewa kar ka sassauta karatu ko kaɗan, akwai wuraren da in makinka bai kai wani mataki ba ko buɗe takardarka ba za su yi ba, amma ka sani makin nan rabin magana ne.

Ɗaya rabin shi ne shaida, wato abin da ka taɓa yi da hannunka wanda wani zai iya dubawa. Na sha zama a teburin intabiyu, kuma akwai wani zama da ba na mantawa, a wani kamfani da ba sai na faɗi sunansa ba. Yaro ya shigo tsaf da shi, sakamako mai kyau sosai, a takardar bayanin kansa wato sibi ya rubuta cewa shi mai aiki tuƙuru ne, ya iya aiki da mutane, ya ƙware a kwamfuta. Sai ɗaya daga cikinmu ta ce masa, ba mu labarin wani abu guda ɗaya da ka yi da kwamfutar wanda ya warware wata matsala. Ya yi shiru, ya kalli silin, can ya ce ai sun yi furojet a rukuni. Aka ce to kai wane ɓangare ka yi? Ya ce kowa ya ba da gudummawa. Shi ke nan fa, ba wanda ya ƙara tambayarsa komai mai nauyi. Wadda ta shigo bayansa makinta bai kai nasa ba, amma ta ce ita ce ta riƙe lissafin kuɗin ƙungiyar ɗaliban sashensu, ta tarar ana rubutawa a littafi ana ta rigima duk ƙarshen zango, sai ta mayar da shi cikin manhajar lissafi ta Excel ta ware shige da fice wata-wata, har ta gano inda ake biyan abu ɗaya sau biyu, kuma ta buɗe wayarta ta nuna mana. Minti uku ta yi tana magana amma duk wanda ke teburin ya riga ya hango ta a kujerar.

Ka lura abin da ta yi ba wani gagarumin abu ba ne, kai ma za ka iya irinsa kafin wannan zangon ya ƙare. Furojet ɗinka na ajin ƙarshe shi ne dama mafi girma da yawancin ɗalibai ke zubarwa, a kwafo na wani a sauya suna a miƙa, alhali shi kaɗai ne aikin da za ka shafe watanni a kansa kai kaɗai kuma da malami mai duba maka kyauta. Ka zaɓi batun da sai ka fita ka tattaro bayanai da kanka, ka koyi sarrafa su da Excel sosai, in ka samu hali ka ƙara da manhajar nazarin bayanai irin su Stata ko R ko Python, guda ɗaya ya isa in dai ka iya shi da gaske. A nan ne masu cewa a koyi kwamfuta suke da gaskiya, sai dai ba a maimakon digiri ba, a kansa ake ɗorawa. Kuma don Allah kar ka faɗa tarkon tara satifiket na kwasa-kwasan intanet, na ga sibi mai satifiket goma sha ɗaya da mai shi bai iya nuna aiki ko ɗaya da ya fito daga cikinsu ba. Haka batun manhajoji irin su ChatGPT, ka koyi aiki da su don za a tambaye ka, amma in ita ta rubuta maka wasiƙar neman aiki daga farko har ƙarshe, mu masu karantawa muna ganewa, domin guda hamsin muke samu masu kama ɗaya kamar an buga da hatimi.

Sai horon sanin makamar aiki, wanda ɗalibai da yawa ke ɗauka kamar hutu ne ko kuma sa hannu kawai a littafi. Wannan tunani na haɗa aji da wurin aiki ya daɗe, tun 1906 wani malamin injiniya mai suna Herman Schneider ya fara shi a Jami'ar Cincinnati da ke Amurka, bayan ya lura ɗaliban da suka taɓa aiki kafin su gama sun fi saurin kama hannu. Jami'ar Waterloo a Kanada tun kafuwarta a 1957 a kan haka ta ginu, ɗalibi ya yi wata huɗu a aji ya yi wata huɗu a wurin aiki, kafin ya gama ya tara gogewar da ta kai kusan shekara biyu. A Jamus kuwa matasa masu koyon sana'a kwana ɗaya ko biyu suke yi a makaranta a mako, sauran a kamfani, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi kuma ana biyansu. In makarantarku tana da irin wannan tsari ka riƙe shi da hannu biyu, in babu ka nema da kanka lokacin hutu, ko da ƙaramin wuri ne mai ma'aikata biyar, sau da yawa ma ƙaramin wurin ya fi koyarwa don a can ba wanda zai bar ka kana zaune kana danna waya.

Yanzu maganar uwa a gindin murhu. Ba zan yi maka ƙarya ba, son kai yana nan a ko'ina a duniya kuma akwai guraben da tun kafin a tallata su an riga an san mai su, wannan ba abin da za ka iya yi a kai. Amma abokanka sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, akwai alfarma akwai kuma sanayya. A 1973 wani masanin zamantakewa Mark Granovetter ya fitar da binciken da ya yi kan ma'aikata a wani gari kusa da Boston, ya tambayi waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani mutum, shin sau nawa kuke haɗuwa da mutumin nan? Kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce suna yawan haɗuwa, sauran duk jefi-jefi ne ko ma da ƙyar. Dalilin a fili yake in ka yi tunani, aminanka na kusa abin da ka sani shi suka sani, inda kake shiga nan suke shiga, amma wanda kuka yi aji ɗaya shekara uku da suka wuce ko wanda ya girme ka da aji biyu yanzu yana aiki, shi ne ke jin labarin da ba zai taɓa zuwa kunnenka ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi da bayanan mutum sama da miliyan 20 a LinkedIn, wato shafin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, sakamakon ya goyi bayan wannan magana, sanayyar da ba ta yi kusa sosai ba kuma ba ta yi nisa sosai ba ita ta fi kai mutum ga sabon aiki.

Ma'ana irin wannan hanyar kai ma za ka iya gina ta ba sai an haife ka a gidan wani ba. Ka nemi mutum biyar da suka gama sashenku shekara biyu zuwa biyar da suka wuce, ka tura musu saƙo gajere da ladabi, kar ka ce a samo min aiki, wannan kalmar ita ke sa mutum ya karanta ya yi shiru. Ka ce, Yaya ni ƙaninka ne a sashe, ina aji uku, ina son in ji yadda aikinku yake da abin da ka so a ce ka koya tun kana makaranta, ko zan samu minti goma sha biyar? Biyu za su share ka, ba komai, ukun da suka amsa sun isa. Ka yi abin da suka ba ka shawara sannan bayan wata biyu ka koma ka ce na yi ga abin da ya fito, wallahi mutum ba ya manta wanda ya ɗauki shawararsa. Malamanka ma haka, a samu ko biyu da suka san sunanka da aikinka, don ranar da za a nemi wasiƙar shaida ba ka son wanda zai ce tuna min kai waye.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka shi ne inda ka ce ba ka son ƙarewa a ƙaramin aiki. Na fahimce ka, kuma ba zan ce girman kai ba ne, wanda ya sha wahala dole ya sa rai. Amma kalmar ƙarewa ita ce kuskuren, aikin farko ba aure ba ne. Ko a Amurka alƙaluman Babban Bankin Tarayya reshen New York sun daɗe suna nuna wajen kashi 40 cikin 100 na sababbin masu digiri suna aikin da ba ya buƙatar digiri. Wani bincike da aka yi a Kanada kan waɗanda suka gama jami'a lokacin da tattalin arziki ya karye ya nuna sun fara da albashi ƙasa da na sauran, kuma giɓin ya ɗauki wajen shekara goma kafin ya rufe, amma babbar hanyar da suka bi suka farfaɗo ita ce sauya wurin aiki zuwa wanda ya fi. Kenan haɗarin ba a karɓar ƙaramin aiki yake ba, a miƙe ƙafa a cikinsa yake. Ni in ka kawo min tayi biyu, ba albashi zan fara tambaya ba, zan tambaye ka wa zai zama shugabanka kuma me za ka iya bayan wata goma sha takwas wanda ba ka iya yau ba, in amsar ita ce babu to ko kuɗin ya ɗan fi ka yi tunani, in kuma akwai ka shiga ka koya kana ci gaba da duba gaba. Zaman gida na shekara biyu ana jiran babban ofis shi ne abin da ya fi wuyar bayani a teburin intabiyu, don tambayar farko ita ce me kake yi tun da ka gama.

A wannan makon ka zauna ka rubuta sibi ɗinka a shafi ɗaya, ka goge duk wata kalmar yabon kai, ka bar abin da za ka iya nunawa kawai. Zai fito kusan fanko kuma ranka zai ɗan sosu, kar ka damu haka na kowa yake a aji uku. Sai ka buɗe tallan aiki guda goma na irin wurin da kake buri, ka ja layi ƙarƙashin abin da suke ta maimaitawa, ka zaɓi biyu daga ciki da za ka iya koya kafin hutu mai zuwa. In ka yi haka ka sake rubuto min da abin da ka gani, sai mu duba batun furojet ɗin tare.