Me ya sa masu sharhi suka yi wa fim ɗin asalin Leatherface kaca-kaca?

Tambaya: Malam, na kalli The Texas Chainsaw Massacre: The Beginning, kuma ya tayar mini da hankali ƙwarai, sai kuma na ga masu sharhin fina-finai sun kushe shi. Shin yawan jinin ne suka ƙi, ko akwai wani dalili?

Amsa: Jinin yana cikin abin da suka yi ƙorafi a kai, amma matsalar ta fara ne daga yadda aka gina labarin. Fim ɗin, wanda Jonathan Liebesman ya ba da umarninsa a 2006, ya koma shekarar 1969 don ya nuna abin da ya faru kafin labarin fim ɗin The Texas Chainsaw Massacre na 2003, wanda labarinsa ya faru a 1973. Duk wanda ya kalli na 2003 ya riga ya san cewa iyalan Hewitt, wato dangin Leatherface, makashin nan mai rufe fuskarsa da fatar mutum, suna nan da ransu bayan shekara huɗu, ba kuma wanda ya tona asirinsu, saboda haka tun daga lokacin da matasa huɗu na labarin suka faɗa hannunsu, mai kallo ya san babu mai tsira. Ko Chrissie, ɗaya daga cikin matasan, wadda Jordana Brewster ta fito a matsayinta, gudun da take yi a ƙarshe ba ya sa zuciya ta buga, domin an san inda zai ƙare.

Da fargabar ta ragu, sai masu fim ɗin suka cike gurbinta da azabtarwa da kuma bayanin abubuwan da ba wanda ya tambaya. An nuna yadda aka haifi Leatherface a mayanka a 1939, da yadda Charlie Hewitt ya kashe shugaban 'yan sandan yankin ya sa kakinsa, har da yadda tsoho Monty ya rasa ƙafafunsa: harsashi ya same shi a ƙafa ɗaya, aka yanke ta da zarto mai inji, sannan aka yanke ɗayar wai don su yi daidai. A ganina wannan wurin ya isa misali, domin an tsawaita shi ne kawai don a girgiza mai kallo.

Lokacin fitowarsa ma bai taimake shi ba. Saw ya fito a 2004, Hostel ya biyo baya, kuma a farkon 2006 David Edelstein ya rubuta sharhi a mujallar New York yana sukar wannan salo na mayar da azaba abin nishaɗi, don haka masu sharhi sun riga sun ƙoshi. Sun kuma auna shi da na asali wanda Tobe Hooper ya yi a 1974, fim ɗin da jinin da ake gani a cikinsa kaɗan ne ƙwarai, ƙarar inji da ihu ne suke yin aikin. A shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayoyin masu sharhin fina-finai, waɗanda suka yaba wa fim ɗin 2006 ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, kodayake ya samu kimanin dala miliyan 51, wato kusan rabin abin da na 2003 ya samu.

Idan kana son ka tabbatar ba jini kaɗai ba ne, ka duba Pearl na Ti West, wanda ya fito a 2022 a matsayin asalin labarin fim ɗinsa mai suna X. Shi ma akwai gatari da gawarwaki, an kuma san Pearl za ta rayu har tsufa, amma masu sharhi sun yaba masa sosai saboda wasan Mia Goth, musamman doguwar maganar da ta yi a teburin cin abinci tana faɗin abin da ke cin ranta.