Ga ƙanenmu da ya tambaya wace sandika zai shiga

Ƙanena, ka ce bana aka ɗauke ka aikin koyarwa na gwamnati, kana son sanin dalilin da sandikokin ma'aikata, wato ƙungiyoyin ƙwadago, suka yi yawa a Cadi, da ko wannan rarrabuwa tana taɓa ƙaramin ma'aikaci irinka. Alli ya daɗe da cinye mini yatsu a Njamena, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Manyan uwayen ƙungiyoyi akwai UST da CLTT da CIST. Mu malamai muna da SET, na jami'a kuma SYNECS. Yawansu bai taɓa hana ni barci ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ranar da za a ja daga da gwamnati, sai kowa ya kama gabansa.

A 2016, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Idriss Déby ta fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu, aka zabge rabin alawus ɗinmu. UST da CIST da SYNECS suka dunƙule wuri guda, makarantu da asibitocin gwamnati suka yi watanni a rufe. A ƙarshen shekarar aka yi doka mai lamba 032, wadda ta ce gwamnati ba za ta riƙa biyan kwanakin yajin aiki ba. Tun daga nan tsoro ya shiga gidaje, domin mai haya da mai shagon da kake cin bashin shinkafa ba ruwansu da sanarwar sandika.

Shekarar 2018 ce ta fi yi mini ciwo. An fara yaji a ƙarshen Janairu, an sa hannu a yarjejeniya a Maris, an koma yaji a Mayu, ba a daidaita ba sai Oktoba. A makarantar da nake, sai ka ji da safe rediyo ta ce wani ɓangare ya nemi a koma aiki, da yamma wani ya ce ana nan daram. Shugaban makaranta ya ajiye rajista a tebur, wanda ya zo ya sa hannu. Abokina da muka yi shekaru muna shan shayi a gindin darbejiya ɗaya ya buɗe ajinsa, ni ban buɗe ba. Na kira shi maci amana a gaban mutane. Daga baya na ji matarsa ce kwance, kuma shugabannin ƙungiyarsa ne suka ce a koma. Har yau ina nadamar wannan kalma, gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba. Yaran kuwa, 'ya'yan talakawa suna gida suna talla, makarantun kuɗi suna ta karatu.

Sai batun siyasa. Lokacin rasuwar Déby a Afrilun 2021, UST tana cikin ƙawancen 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula mai suna Wakit Tama, wato "lokaci ya yi" da Larabcinmu na nan. Bayan zanga-zangar da ƙawancen ya yi a 14 ga Mayu 2022 aka kama babban sakataren UST tare da wasu, aka kai su kurkukun garin Musoro. Ɗakin malamai ya rabu biyu: wasu na cewa sandika ta albashi ce, me ya kai ta titi, wasu na cewa wanda ke riƙe da baitulmali ai shi ke yanka albashin. Ni ina ganin na biyun sun fi gaskiya, amma da sharaɗi: a tambayi membobi kafin a kai sunansu ko'ina.

Wannan rashin tambaya shi ne tushen ɓarakar. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta shekara 3 da gwamnati a Oktoban 2021, amma a ƙarshen 2023 malamai suka bi wani kwamitin gaggawa da ya fito daga cikin SET suka tafi yaji, saboda sun daina yarda da na sama. Idan bango ya tsage haka, gwamnati ta samu zaɓin wanda za ta zauna da shi.

Saboda haka ka shiga, kada ka zauna ba ƙungiya. Amma kafin ka yanki kati, ka halarci babban taronsu ko sau biyu. Ka lura: ana kaɗa ƙuri'a kafin a janye yaji, ko a rediyo ake ji? Ana karanta lissafin kuɗin da ake tarawa? Yaushe aka yi zaɓen shugabanni na ƙarshe? Ka kuma ɗaga hannu ka tambayi abin da suke yi wa malaman sa-kai da iyayen yara ke biya a ƙauyuka. Da yawa daga cikin azuzuwan firamare su ke riƙe da su, kuma a duk yajin da na yi ban cika jin an sa bukatarsu a saman takarda ba.