Tambayi Likita: Asma, Tarin da Ya Ƙi Tafiya da Gwajin Numfashi

Tun da hazon hunturu ya sauka, yawancin saƙonninku a kan ƙirji suke. Ga amsoshin wasu daga ciki.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 yana da asma. An rubuta masa inhela, amma kakarsa ta hana, wai wanda ya fara ba ya rabuwa da ita. Maganin ruwa na Ventolin muke ba shi. (Wata uwa, Dorayi)

Amsa: Hajiya, a gaida kaka, a kuma lallaɓa ta, domin inhela ba ta kama jiki. Maganin ruwan ne ma yake zagaye jini ya sa rawar hannu da bugun zuciya, ita kuwa inhela kai tsaye take kai ɗan magani huhu.

Amma ki duba wacce aka ba ku. Asma kumburi ne a cikin hanyoyin iska. Shuɗiyar inhela buɗe hanya kawai take yi na 'yan awoyi, kumburin yana nan daram. Mai kwantar da shi ita ce mai ɗauke da ɗan sitiroyid, galibi mai launin ruwan ƙasa. Bayan manyan gwaje-gwajen SYGMA da aka buga a 2018, kwamitin GINA mai tsara maganin asma a duniya ya sanar a 2019 cewa kada a ƙara barin matasa da manya a kan shuɗiya ita kaɗai. Yaro kamar naki ma, in tari yana tashinsa da dare ko yana hana shi ƙwallo, yana bukatar ta rigakafin.

Yara ba su iya haɗa fesawa da jan numfashi. Wani bincike da aka yi a Kef Tawun, aka buga a 1999, ya nuna gorar roba mai rabin lita tana aiki kamar bututun da ake sayarwa don sawa tsakanin inhela da baki. A huda gindinta daidai bakin inhela, a toshe gefen, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya ya ja numfashi biyar ko shida. In ta ruwan ƙasa ce, ya kurkure baki. Ranar da ya kasa ƙarasa magana ko kika ga haƙarƙarinsa yana lotsawa, asibiti nan take.

Tambaya: Mahaifiyata ta haura 60, ba ta taɓa shan taba ba, suyar ƙosai ce sana'arta. An ce tana da COPD. Ta yaya? (Wani malami, Fagge)

Amsa: Malam, Allah ya ba Inna lafiya. Hayaƙin icen da ta shekara da shekaru tana shaƙa a bakin kasko shi ne tabarta. COPD toshewar hanyoyin iska ce ta dindindin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019.

Abin da zan tambaye ka: an sa ta hura na'ura? Hoton ƙirji ba ya tabbatar da wannan cuta. Sai an matse hanci, ta cika ƙirji, ta huro da iya ƙarfinta cikin sifirometa, na'urar auna numfashi, a shaƙa mata magani a sake. Idan iskar da ta fito a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na dukan abin da ta huro ba, to an tabbatar. Mutane da yawa a garin nan suna yawo da sunan asma alhali ba a taɓa auna numfashinsu ba, kuma wannan yana damuna. Ku nemi a tura ta wajen likitocin ƙirji, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

A yi mata gwajin jini kuma. Bincike ya nuna masu ƙwayoyin iyosinofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) 300 zuwa sama a sakamakon gwajin su ne suka fi amfana da inhela mai sitiroyid. Masu ƙasa da 100 ba sa samun wani abin kirki, sai ƙarin haɗarin nimoniya. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma ana rage saurinsa. A fitar da murhu fili, in da hali a koma gas, kuma kada tausayi ya sa ku hana ta tattaki.

Tambaya: Na gama maganin tarin fuka na wata shida, an ce na warke, amma har yau ina tari da haki. Ya dawo ne? (Wani tela, Kurna)

Amsa: Ba lallai ba. Tarin fuka yakan bar tabo ko kogo a huhu, kuma sai a 2019 masana suka yi taron farko na duniya a kan wannan matsala, a Afirka ta Kudu. Wani lokaci naman gwari mai suna Asfajilus ne yake zama a kogon, ana gano shi da gwajin jini da hoton CT. Ka koma inda aka yi maka magani, ka faɗa musu lokacin da ka gama, domin na'urar GeneXpert mai gwada kaki tana iya karanta matattun ƙwayoyin cutar, ta nuna kamar tana nan. Kada ka sayi maganin a kemis ka sake farawa. In ka ga jini a kaki, kada ka kwana.

Tambaya: Takunkumi yana tare ƙura? (Direban adaidaita sahu, Sabon Gari)

Amsa: Na yadi yana tare manyan ƙwayoyi kawai. Takunkumin N95, mai tace ƙananan ƙwayoyi, in ya zauna a fuska sosai ya fi.

Tambaya: An nemi in shiga binciken sabon maganin asma. Gwaji za a yi da ni? (Wata ɗaliba, Kabuga)

Amsa: 'Yata, babu mai ganin laifin Bakano in ya yi wannan tambaya. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a da sasanci a 2009. Duk da haka, inhelar da ke jakarki ma ta irin wannan bincike ta biyo kafin ta iso kemis. Kafin ki sa hannu, ki nemi ganin amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, a karanta miki takardar da Hausa, ki tafi da kwafinta gida ki yi shawara. Ki tambayi wa zai biya in maganin ya cutar da ke, da lambar wanda za ki kira in numfashi ya sarƙe cikin dare. Kina da ikon fita duk ranar da kika ga dama, kuma hakan ba zai taɓa kulawar da kike samu a asibitin ba.