Tambaya da Amsa: Sayen Gida a Ƙaramin Gari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, kuma wani dillali ya kawo mini tallan gidan zamani a Ringim, mai ɗakuna huɗu da rijiyar burtsatse da sola. Farashinsa ya yi mini, amma takardar cinikin fili kaɗai mai gidan yake da ita. Shin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada arahar gidan ta sa ka yi gaggawa, domin takardar ciniki shaida ce kawai cewa kuɗi sun shiga tsakanin mutum biyu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka ka tura lauya ma'aikatar filaye da ke Dutse ya bincika matsayin filin, sannan a tsara yadda za ka samu takardar shaidar mallaka da sunanka.

Abin da ya fi damuna shi ne gado. A ƙananan garuruwa sau da yawa ɗa ɗaya ne ke gini a filin da ba a raba ba, sai bayan ciniki sauran magada su taso. Ka je wurin mai unguwa da maƙwabta da kanka, ka ji asalin filin.

Ringim tana kusa da Kogin Haɗeja, kuma yankin yana fama da ambaliya. Ka duba gidan a watan Agusta, ka lura da danshi da ɓarewar fenti a gindin bango, kafin ka biya ko sisi.