Hukuncin dasa haƙorin gaba a ranar da aka cire na asali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Haƙorina na gaba ya karye har saiwa, likita ya ce sai an cire shi, kuma zai iya dasa min wani a ranar. Shin wannan bai shiga canza halittar Allah ba? Kuma in yi nan take ne, ko in jira wurin ya warke?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dashen halas ne, ɗan'uwa. Arfaja ɗan As'ad ya rasa hancinsa a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito. Idan an halasta wa namiji zinare don maye gurbin gaɓa, ai ƙarfen titaniyam da ake kafawa a muƙamuƙi ya fi sauƙi. Tsinuwar da ta zo a hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim kuwa tana kan mata masu goge haƙora don yin wushirya saboda ado, kuma Imam Nawawi ya bayyana cewa idan don magani ne ko gyaran aibi, babu laifi. Kai giɓi za ka cike.

Maganar lokaci ita ce ke buƙatar natsuwa, domin ka'idar da ke hukunci a nan ita ce "ba cuta ba cutarwa". Dashe irin na zamani ya faro ne a Suwidin a 1965 a hannun Farfesa Branemark, kuma wanda aka fara yi wa ya rayu da nasa kusan shekara 40. Wanda aka dasa nan take ma yakan daɗe kamar wanda aka jinkirta, matuƙar an zaɓi mutumin da ya dace. Sai dai zaman ƙarfe daram a cikin ƙashi bai isa ba a haƙorin gaba, wanda kowa ke gani da zarar ka yi murmushi. Ƙashin da ke rufe saiwarsa ta wajen leɓe siriri ne ƙwarai, sau da yawa bai kai milimita 1 ba, kuma yana zaizayewa bayan an cire haƙori ko da an dasa wani. Idan ya zaizaye dasashi yakan ja baya, haƙorin ya yi kamar ya fi 'yan'uwansa tsawo, wani lokaci har duhun ƙarfen ya nuna. Sannan haƙoran asali suna ci gaba da ɗan motsawa tsawon shekaru, dasasshe kuwa yana nan inda aka kafa shi, shi ya sa ba a yi wa matashin da ƙashinsa bai gama girma ba.

Don haka idan amintaccen likita ya ɗauki hoton ƙashin ya ga siririn ƙashin nan na wajen leɓe lafiya lau, dasashinka mai kauri ne, babu ruɓa mai tsanani, to yi nan take. Idan ya ga akasin haka, ko kana shan sigari, ko kana da ciwon sugan da bai daidaita ba, jiran 'yan watanni ya fi, kuma ban ga dacewar ka matsa masa don kunyar giɓi ba, tunda akwai haƙorin wucin gadi.

Abin da mutane ba sa tambaya, alhali ya fi kusa da shari'a, shi ne garin ƙashin da ake cusawa a gefen dashen da tantanin da ake rufe shi da shi. Wani na saniya ne, wani haɗin sinadarai, wasu tantanin kuma daga alade ake samo su. Ka tambaya kafin a fara, ka nemi mai tsarki. Idan babu shi kuma akwai larura, Nawawi ya faɗa a littafinsa Minhaj cewa wanda ya haɗa ƙashinsa da mai najasa saboda rashin mai tsarki yana da uzuri.

Alwalarka da wankanka sun inganta, kurkure baki ya wadatar. Idan ajali ya zo ba a cire dasasshen haƙorin, saboda hadisin A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Wallahu a'alam.