Fatawa: Hoton ƙwaƙwalwa da hukuncin mai waswasi a tsarki, sallah da saki

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni magidanci ne a Jos, shekarata 34. Shekara shida ke nan ina fama da waswasi. Alwala ɗaya takan ci mini minti 40, har hannuwana sun tsattsage saboda ruwan sanyi. Nakan sake kabbarar harama sau bakwai ko fiye, kwanan nan kuma zuciyata ta fara raya mini cewa na saki matata, alhali ban furta ba. Likita ya ce cutar OCD ce, wato cutar waswasi, ya rubuta mini magani. Na je da kaina aka yi mini hoton ƙwaƙwalwa na MRI, sakamako ya fito babu komai. Amma na karanta cewa masu bincike sun ga canji a farin sashen ƙwaƙwalwar masu wannan cuta. Tunda nawa hoton bai nuna ba, shin ba ni da uzuri ke nan, raunin imani ne kawai? In kuma cuta ce, an ɗauke mini alƙalami? Aurena yana nan?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Aurenka yana nan, uzurinka tabbatacce ne, sallah kuma ba ta faɗi a kanka ba. Babu ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan uku da aka rataya a kan hoton da ka yi.

Sai mun san abu kafin mu yi masa hukunci, don haka bari mu fara da hoton. Ƙwaƙwalwa tana da sashe mai launin toka, inda ƙwayoyin jijiya suke, da farin sashe, wato zaruruwan da ke kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan. Farin nan na wani kitse ne da ake kira mayelin, wanda ya lulluɓe zaruruwan kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Hoton MRI na yau da kullum, irin wanda aka yi maka, ƙari yake nema, ko zubar jini, ko tabon shanyewar jiki, ko kumburi. A wajen mai waswasi, abin da likita ke tsammani dama shi ne ya fito lafiya lau. Likitoci sukan nemi a yi shi ne idan alamun sun faɗo wa mutum kwatsam bayan ya manyanta, ko bayan buguwa a kai, ko tare da farfaɗiya ko mutuwar wata gaɓa.

Binciken da ka karanta da wata dabara daban aka yi shi, mai suna DTI, wadda aka fito da ita a 1994. Ba ta ganin zaruruwan ido da ido. Motsin ruwa take aunawa: inda zaruruwa suka jeru suka matsu, ruwa yakan bi tsawonsu, inda suka saki kuwa sai ya bazu ko'ina. Ana fitar da ma'auni daga 0 zuwa 1. Ma'aunin yana da raunin da masu aikin suka sani. Idan mutum ya motsa kansa a cikin na'ura, lissafi ya gurɓata. Inda zaruruwa biyu suka gitta wa juna, ma'aunin yakan sauka ko da babu wata cuta. Shi ya sa ƙananan bincike na farko suka saɓa wa juna: wannan ya ga raguwa a gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu, wancan ya ga ƙaruwa a wani wurin.

A 2021 haɗakar masu bincike ta ENIGMA ta tattara hotunan manya masu cutar 700 da masu lafiya 645, haɗe da na wasu yara, daga cibiyoyi 19. An sami raguwa kaɗan a hanyoyi biyu da ke can bayan ƙwaƙwalwa, ɗaya daga cikinsu mai fitowa daga tashar saƙonni da ake kira talamus. A yara ba a ga bambanci ba. Raguwar ta fi bayyana ga waɗanda cutar ta kama da wuri ta kuma daɗe a jikinsu, kuma hoto na lokaci ɗaya ba ya iya rarrabe ko canjin ne ya jawo cutar, ko daɗewar cutar ce ta jawo shi. Bambancin ma na matsakaicin jama'a ne, don kusan kashi 90 cikin 100 na ma'aunin rukunin biyu sun hau kan juna. Ka ɗauka an auna tsayin mazan Unguwar Rogo da na Gangare, aka sami ɗan bambanci a matsakaici. Wa zai kalli tsayin mutum ɗaya ya ce ga unguwarsu? Ko DTI ɗin aka yi maka, haka abin yake. Ana gane wannan cuta ta hanyar zama da likita: tunani mai kutsowa ba da so ba, aiki mai maimaituwa don kashe damuwar, da cin lokaci fiye da awa ɗaya a yini ko hana mutum harkokinsa.

A shari'a kuwa, hukunci yana bin siffa bayyananniya wadda kowa zai iya ganewa, kuma malamanmu sun ajiye ta tun kafin a san na'ura. Malikiyya suna kiran irinka mustankahi, wanda shakka ta aure shi, suka iyakance shi da wanda take zuwar masa kullum ko da sau ɗaya. Abin da ka bayyana ya wuce wannan haddi nesa. A Risala, Ibn Abi Zaid ya ce wanda shakka ta aura ya kau da kai daga gare ta, babu gyara a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Haka yake a Ahlari, wanda yaranmu ke karantawa a zaure. Ga yadda za ka yi. Gaɓa ɗaya wanki uku ne iyaka, ɗaya ma ya isar idan ya game. Ka ɗebi ruwa a buta abin da bai kai lita 1 ba, ka bar bakin famfo, domin Anas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya. Kabbarar harama ɗaya ce, in ka yi ta ka shiga sallah. In ka yi shakka uku ka yi ko huɗu, ka ɗauka huɗu ne, ka yi ba'adi, barin ba'adin kuma ba ya ɓata sallah. A mazhabarmu shakkar kari tana warware alwalar mai lafiya, amma ban da mustankahi, kai hadisin Abdullahi bin Zaid ne naka: kada ya juya sai ya ji sauti ko ya ji wari. Ba za ka gyara komai ba sai abin da za ka iya rantsuwa a kansa cewa ka bari.

Maganar raunin imani ka ajiye ta. Sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan abin da suke ji a ransu wanda suke jin nauyin furtawa, ya ce wannan shi ne tsantsar imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Usman bin Abil As ya kai kukan rikicewar sallah, aka koya masa neman tsari da tofi sau uku ta hagu. Kasancewar shaiɗan yana da hannu bai kore sababi na jiki ba. Ka yi neman tsarin sau ɗaya ka wuce, kada shi ma ya zama abin ƙirgawa.

Ɗauke alƙalami na wanda hankalinsa ya gushe ne. Kai ka san tunanin nan ba daidai ba ne, shi ya sa yake damunka. Kai mukallafi ne da aka sauƙaƙa wa, sallah da azumi da cinikinka duk suna nan.

Saki kuma ba ya aukuwa da abin da zuciya ta raya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da rayukansu suka zantar da su, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Bukhari ya kuma kawo maganar Uƙba bin Amir cewa sakin mai waswasi ba ya zartuwa. Saɓanin da Halil, mai littafin Muhtasar, ya ambata game da saki da zancen zuci yana kan wanda ya ƙulla shi da gangan ne, ba wanda tunani ya faɗo masa yana ƙi ba, kuma shi Halil ɗin ya ce ba a umartar wanda ya yi shakkar ko ya yi saki ya rabu da matarsa. Kada ka sabunta aure, kada ka riƙa tambayar iyalinka me ka faɗa jiya. In wata rana lafazi ya fita a fili, wannan mas'ala ce daban da za a zauna da kai gaban alƙali ko malami, bayanin likitan da ke duba ka shi ne abin dubawa a can, ba hoto ba.

Shan magani bai saɓa wa tawakkali ba, Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. A irin halinka, da cutar ke cinye lokacin sallah tana barazana ga aure, muna ganin barinsa sakaci ne. Magungunan wannan cuta, irin su fuloksetin da satralin da kilomifiramin, ba sa aiki a mako ɗaya. Sai an yi mako 8 zuwa 12 a kan adadin da ya dace kafin a ce ya yi ko bai yi ba, kuma in an sami sauƙi akan ci gaba shekara ɗaya zuwa biyu. Da yawa suna yarwa a mako na uku, ko su yanke rana ɗaya da sun ji dama, sai cuta ta dawo. Ka nemi likitanka ya haɗa ka da masanin halayya mai horar da mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da shakka ba tare da ya maimaita ba. Damuwa za ta tashi, in ka daure sai ta sauka da kanta, maimaitawa kuwa sauƙin minti biyar take bayarwa ta ƙara wa shakkar gobe ƙarfi. Abin da Ibn Abi Zaid ya kira kau da kai ke nan, an mai da shi darasi mataki-mataki.

Yawan neman fatawa a kan mas'ala ɗaya shi ma cikin cutar yake, haka ma sake biyan kuɗin hoto. Gobe zuciyarka za ta ce ba ka yi wa Malam bayani sosai ba. Ka yi, kuma an fahimta. Kada ka sake aiko da wannan tambaya, kada ka kai ta wurin wani malami. Wallahu a'alam.