Abokina ya fi ni gudu: in ci gaba da atisaye da shi ko in ware?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin shiga gudun fanfalaki na kilomita 21 nan da wata huɗu, kuma wannan ne karona na farko. Ni da wani abokina muke fita atisaye sau biyar a mako, amma ya daɗe a harkar kuma ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. Kullum ina fafutukar kamo shi, in dawo gida a gajiye liƙis, yanzu ma ƙwaurina ya fara ciwo. Idan kuma na ce zan fita ni kaɗai, kasala ce ke kama ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka rabu da abokinka, amma ka daina bin takunsa kowace rana. Matsalar ita ce gudun da shi yake yi yana hutawa, kai a wurinka tsere ne, kuma kana shiga wannan tseren sau biyar a mako. Ko gwanayen duniya ba sa yi wa jikinsu haka.

Juriyar gudu mai nisa a gudu mai sauƙi ake gina mafi yawanta. A irin wannan gudun ne zuciya ke ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, jiki kuma ya saba ƙona kitse ya tattala sukarin da ya tanada. Masu nazarin atisayen manyan 'yan gudu sun ga cewa kusan kashi 80 cikin 100 na gudunsu a saukake suke yinsa, ragowar ne kawai mai tsanani. Ma'aunin sauƙin kuwa yana bakinka: idan kana iya yin hira da cikakkun jimloli kana gudu, kana daidai. Idan sai dai ka jefa kalma biyu ka ja numfashi, ka wuce gona da iri. A ce abokinka yana cin kilomita ɗaya a minti 5 yana ba ka labari, kai kuwa hirarka ba ta fitowa sai a minti 6 da rabi, to minti 6 da rabin nan shi ne naka, kuma babu abin kunya a ciki.

Ciwon ƙwaurin nan ina so ka ɗauke shi da muhimmanci. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, amma ƙashi da agara sun fi su jinkiri, shi ya sa sabon mai gudu yake jin numfashinsa ya gyaru alhali ƙafafunsa ba su shirya ba. Ka huta kwana biyu ko uku, ka dawo a hankali. Idan ciwon ya tsaya a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, ko kana jinsa ko da tafiya kake yi, ko yana damunka da dare, ka dakatar da gudu ka ga likita, domin yana iya zama ƙashin ne ya fara tsagewa.

Duk da haka ba zan ce ka koma gudu kai kaɗai ba, saboda amfanin abokin gudu babba ne. Sanin cewa wani na jiranka yana fitar da kai a ranar da ba ka so, wannan ka riga ka gani da kanka. A gudu mai tsanani kuma, bin bayan wani yana sauke maka nauyin lissafin sauri, ya kuma rage maka iskar da kake turewa. Lokacin da Roger Bannister ya fara cin mil ɗaya ƙasa da minti 4 a Oxford a shekarar 1954, abokan atisayensa Chris Brasher da Chris Chataway ne suka ja shi gaba. Da Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, 'yan gudu 41 ne suka riƙa karɓeɓeniya suna daidaita masa sauri suna tare masa iska, wanda yana cikin dalilan da ba a rubuta lokacin a matsayin tarihin duniya ba. A sansanin Kaptagat na Kenya, inda Kipchoge ya daɗe yana atisaye ƙarƙashin kocinsa Patrick Sang, 'yan gudun tare suke kwana, tare suke fita. Abin lura a gare ka shi ne, a ranakun sauƙi waɗannan gwanayen sassarfa suke farawa da ita, babu mai neman nuna wa wani ƙarfi. Suna ajiye ƙarfin don ranar aiki.

To ga yadda zan tsara maka. Ka mai da fitarka sau huɗu a mako har ƙwaurin ya lafa, biyu tare da abokinka, biyu kai kaɗai ko da wanda saurinku ya zo ɗaya.

Rana ta farko da shi ita ce ranar gudu mai tsanani, kuma ku auna ta da lokaci maimakon nisa. Bayan kun ɗumama jiki, kowa ya yi minti 3 da ƙarfinsa, sannan minti 2 na sassarfa, ku maimaita sau biyar ko shida. Zai yi maka nisa, amma a lokacin sassarfar sai ya juyo ya same ka, ku sake tashi tare. Kowa ya sha aiki daidai jikinsa, kuma ba ku rabu ba. A kan tudu ma haka ne: shi ya hau sama sosai, kai ka juyo daga inda minti ya cika.

Rana ta biyu ita ce ta doguwar tafiya, wadda ita ce ƙashin bayan shirin kilomita 21. A nan kai ne za ka riƙe ragamar sauri. Ku zaɓi ranar da shi yake son hutar da ƙafa bayan ya yi aiki mai nauyi, ko kuma ya riga ka fita ya ci nasa kilomitocin da sauri, sannan ya haɗu da kai ku ƙarasa a takunka. Ka riƙa ƙara nisan kaɗan-kaɗan, kuma duk mako na uku ko na huɗu ka rage don jiki ya farfaɗo.

Akwai wata ɗabi'a da ke ɓata gudun mutum biyu ba tare da sun ankara ba. Ɗaya ya ɗan gota da rabin taku, ɗayan ya matso don su jera, na farkon ya sake gotawa, kafin a ci kilomita uku an koma gasa, alhali babu wanda ya yi niyya. Maganinta magana ce tun kafin a tashi: nisa nawa za mu yi, da wane sauri, wa ke gaba. Ka faɗa masa kai tsaye cewa ƙafarka na ciwo kuma kana buƙatar a sassauta. Wanda ya daɗe yana gudu ya san wannan ciwon, zai fahimce ka.

Ranakun da za ka fita kai kaɗai ma suna da aikinsu, don a nan za ka koyi jin saurinka da jikinka ba tare da kallon bayan kowa ba. Idan kasala ce ke damunka, ku tashi tare ku yi minti 10 na farko, kowa ya kama hanyarsa, ku haɗu a inda kuka faro.

Game da ranar tseren, ku yanke shawara tun yanzu. Ko dai ya sadaukar da nasa lokacin ya raka ka a saurinka daga farko har ƙarshe, ko kowa ya yi nasa ku haɗu a wurin kammalawa. Abin da ba na so shi ne ka bi shi a kilomita 5 na farko cikin zumuɗin taro, domin abin da ka ci a nan za ka biya shi ninki bayan kilomita 15. Allah ya ba ƙafar lafiya, ya kuma ba da sa'a.